Babi na Huɗu: Kayan Aron da Ke Rufe Katara

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Duk wanda ya taɓa aro babbar riga don zuwa ɗaurin aure ya san gaskiyar maganar: kana taka ƙasa a hankali, kana kaffa-kaffa da manja da goro, rabin hankalinka na wajen mai ita. La'asar na yi ka ninke ka mayar, ka koma cikin taguwarka ta jiya. Abu guda na sani da ya kuɓuce wa wannan karin magana, shi ne littafi. Shi ne za ka aro, ka mayar wa mai shi cif-cif ba ko shafi ɗaya da ya ɓace, amma abin da ke cikinsa ya tare a wurinka har ranar da za a kai ka makwanci. Mai shi bai rasa komai ba, kai kuma ka tashi da dukiya.

A shekarar 1848 wani masaƙi mai suna William Carnegie ya sayar da kayan saƙarsa a garin Dunfermline na ƙasar Sikotlan, aka ciwo bashi aka cika kuɗin jirgin ruwa, ya kwashi matarsa da 'ya'yansa maza biyu suka nufi Amurka. Injinan saƙa masu aiki da tururi ne suka kashe masa kasuwa, irin dai abin da yadin kanti ya yi wa masaƙanmu na gargajiya. Suka sauka a Allegheny, tsallaken kogi daga birnin Pittsburgh. Babban ɗan, Andrew, ko shekara 13 bai gama cikawa ba aka sa shi aiki a masaƙar auduga, yana canza kwarkwaron zare daga asuba zuwa duhu, kwana shida a mako, a kan dala 1 da senti 20. Zamansa a aji ya ƙare ke nan, in ban da ɗan karatun dare na lissafin kuɗi da ya taɓa daga baya. Da ya samu canji sai ya zama masinja a ofishin tangaraho, yana yawon kai saƙonni gida-gida da shago-shago.

A garin akwai wani dattijo, Kanar James Anderson, tsohon soja wanda ya yi arziki a sana'ar ƙarfe. Yana da littattafai kimanin 400 a gidansa. Sai ya sa aka sanar cewa duk ranar Asabar da yamma yaran da ke aikin ƙarfi su zo, kowa ya zaɓi guda ya tafi da shi gida, Asabar mai zuwa ya dawo da shi ya ɗauki wani. Shi da kansa yake zama yana miƙa musu. A nan Andrew ya ci karo da tarihin Amurka na Bancroft, da rubuce-rubucen Macaulay, da tarihin mazan jiya na Girka da Rum wanda Plutarch ya rubuta. Littafin na cikin aljihunsa duk inda aka aike shi. In ya kai saƙo aka ce ya jira amsa, sai ya jingina da bango ya buɗe.

Daga baya Kanar ya ƙaro littattafai, ya miƙa laburaren ga hukumar garin. Sababbin masu kula da shi suka zo da ƙa'ida: kyauta ne ga yaran da ke koyon sana'a a hannun ubangida bisa yarjejeniya a rubuce, sauran kuwa kowa ya biya dala 2 a shekara. Andrew ba ya cikin masu yarjejeniya. A 1853, yana da shekara 17, ya rubuta wasiƙa zuwa jaridar Pittsburgh Dispatch yana cewa ba haka mai kyautar ya nufa ba, yaron da ke aikin ofis ko shago shi ma ɗan ƙwadago ne. Mai kula da laburaren ya mayar da martani, yaron ya sake rubutawa, aka zauna aka duba, aka janye ƙa'idar. Rubutunsa na farko da ya shiga jarida ke nan, kuma a kan haƙƙin aron littafi ya yi shi.

Nakan tsaya in yi tunanin adadin nan, 400. Ba wani yawa ba ne. Na shiga ɗakunan malamai a Kano da Zariya da Katsina inda littattafan da ke jibge a kanta da cikin adaka sun ninka haka. Mu ma muna da tsohuwar al'adar aro: almajirin ilimi ya karɓi littafin malaminsa, ya sa a gafaka, ya je ya kwafe shi da alƙalami da tawada shafi bayan shafi, ya dawo da shi. Ta haka littattafan fiƙihu da nahawu suka yi ta tafiya daga zaure zuwa zaure ɗaruruwan shekaru kafin zuwan injin ɗab'i. Sai dai aron namu yakan tsaya a kan wanda aka sani. Malam ya san ɗalibinsa, ya san uban ɗalibin. In malam ya rasu kuwa, sau da yawa magada kan kulle ɗakin don girmamawa, gara da ɗigar damina su gaji abin da ya tara. Abin da Anderson ya yi daban shi ne ya miƙa wa yaron da bai san sunan ubansa ba, ya yarda zai dawo da shi.

Sauran labarin Andrew Carnegie sananne ne. Daga tangaraho ya koma kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania, daga nan ya shiga harkar ƙarfe, har ya zama ba wanda ya kai shi a Amurka. A 1901 ya sayar da kamfaninsa ga J. P. Morgan a kan dala miliyan 480. Tun kafin nan ya fara gina laburare: na farko a mahaifarsa Dunfermline a 1883, sannan a Braddock, garin da ɗaya daga cikin masana'antunsa yake, a 1889. Daga 1883 zuwa 1929 kuɗinsa ya gina laburare 2,509. Guda 1,689 a Amurka, 660 a Birtaniya da Ayalan, 125 a Kanada, sauran a warwatse har Afirka ta Kudu da tsibirin Moris. A 1904 kuma ya kafa wa Kanar Anderson abin tunawa a Allegheny, a gaban laburaren da ya gina wa garin.

Yawan gine-ginen bai kai sharaɗin da ya gindaya muhimmanci ba, a ganina. Garin da ke son laburare sai ya rubuto, sakatarensa James Bertram ya aika musu da tambayoyi. Dole garin ya ba da fili. Dole ya amince kowa zai shiga kyauta. Sannan, wanda ya fi kowanne nauyi, dole majalisar garin ta yi alkawari a rubuce cewa duk shekara za ta ware daga harajin jama'a kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin, don sayen littattafai da biyan ma'aikata da gyare-gyare. In an ba ku dala 10,000 ta gini, ku nemo dala 1,000 kowace shekara. Shi gini kawai yake bayarwa, yawanci ko littafi ɗaya ba ya sakawa a ciki. Wasu sun kira wannan rowa. Ni kuwa ina ganin mutumin ya san halin kyauta. Rijiyar da baƙo ya haƙa wa gari ya tafi, ranar da guga ya tsinke kowa sai ya zuba ido yana jiran baƙon ya dawo. Wadda 'yan gari suka yi karo-karo a kanta, kafin azahar an samo igiya. Garuruwa da dama sun yi ta muhawara a kan harajin nan, ƙungiyoyin mata suka riƙa bi gida-gida suna neman goyon baya, aka kaɗa ƙuri'a. Kafin a aza tubalin farko jama'a sun riga sun ɗauki laburaren nasu ne.

A zamanin ne kuma aka fara sakin jiki da mai karatu. Da can littattafai na bayan kanta, sai ka rubuta sunan wanda kake so a takarda ma'aikaci ya shiga ya ɗauko maka. Wanda bai san sunan littafi ko ɗaya ba fa, me zai rubuta? Yawancin gine-ginen Carnegie na baya an tsara su ne yadda mutum zai shiga tsakanin kantoci da ƙafarsa, ya shafa, ya buɗe, ya mayar, teburin ma'aikaci na kusa da ƙofa. Mai koyar da kansa ba shi da manhaja, ba shi da malamin da zai ce masa karanta kaza. Abin da yake da shi shi ne ya zo neman wani abu idonsa ya faɗa kan wani.

Ba zan wanke Carnegie tas ba, don hannunsa da jini. A tsakiyar 1892, a masana'antarsa ta Homestead, manajansa Henry Clay Frick ya nemi rage albashi da karya ƙungiyar ƙwadago. Ya rufe masana'antar, ya ɗauko hayar 'yan bindiga 300 na kamfanin Pinkerton, aka shigo da su ta kogin Monongahela ranar 6 ga Yuli. Aka wuni ana musayar wuta da ma'aikata, aƙalla mutum 10 suka mutu. Gwamnan jiha ya turo dubban sojoji, zuwa Nuwamba yajin aikin ya karye, ƙungiyar ta ruguje. Duk wannan Carnegie na hutu a Sikotlan, kuma ya san abin da ake shiryawa. Shekara shida bayan haka ya gina wa garin Homestead katafaren laburare, har da zauren kiɗa da wurin ninƙaya. Mutanen da ke tsayuwar awa 12 a gaban wutar narka ƙarfe, wane ƙarfi ya rage musu na buɗe littafi in sun koma gida? Da yawansu sun ce da an mayar musu da kuɗin cikin albashi, ko an rage musu awoyi, da ya fi. Gaskiyarsu ce. A Wheeling ta jihar West Virginia 'yan ƙwadago sun tashi tsaye har aka kayar da tayin Carnegie a ƙuri'ar 1904, daga baya garin ya gina nasa da kuɗinsa. Shi kansa Carnegie da ya karanta littattafan Anderson, ai aikin masinja ne ya ba shi sararin jingina da bango. Da a bakin wuta yake, da wuya mu ji labarinsa.

Akwai kuma waɗanda suke da lokacin, suke da ƙishin, amma aka tare musu ƙofa. A jihohin kudancin Amurka baƙar fata ba ya shiga laburaren gari, ko da harajinsa na cikin abin da ke riƙe da shi. Carnegie bai sa buɗe wa kowane launi cikin sharuɗɗansa ba. Da aka buɗe laburarensa na Atlanta a 1902 aka hana baƙaƙe shiga, W. E. B. Du Bois da wasu 'yan uwansa baƙaƙe suka kai kuka ba a saurare su ba. Abin da aka yi a wasu birane, irin su Louisville da Houston, shi ne a gina musu ɗan reshe nasu daban.

Richard Wright, wanda aka haifa a Mississippi a 1908, yana ɗan saurayi yana aikin share-share da aike a wani kamfanin tabarau a Memphis. Wata safiya ya ga jaridar garin tana zagin wani marubuci Bature, H. L. Mencken. Ya yi mamaki: ya saba baƙar fata ake yi wa irin wannan zagi, to me wannan ya rubuta da ya ƙona musu rai haka? Ya ƙudura sai ya karanta shi. Ya daɗe yana nazarin Turawan da yake aiki da su, yana auna wanda zai iya tunkara ba tare da ya jawo wa kansa duka ko kora ba. Ya zaɓi wani ɗan asalin Ayalan mabiyin ɗariƙar Katolika, don ya lura shi ma ba ƙaunarsa ake yi ba a wurin. Mutumin ya ba shi katinsa a ɓoye. Wright ya riƙa rubuta 'yar takarda da hannunsa, kamar Baturen ne ya aiko shi, yana cewa a ba yaron nan littattafai kaza. Har kalmar wulaƙancin da ake kiran baƙaƙe da ita ya saka a ciki, don kada a yi zaton shi ya rubuta. Ya tsaya a gaban teburin ma'aikaciyar da hula a hannu, kai a sunkuye. Da ta yi shakka ta tambaye shi ko shi ne zai karanta, ya ce mata shi bai iya karatu ba.

A daren ya buɗe Mencken a ɗakin da yake haya, ya ga ashe ana iya yaƙi da kalmomi. Duk sunan marubucin da ya gani a ciki ya rubuta, ya koma da wata takardar. Yakan naɗe littafin cikin tsohuwar jarida in zai tafi da shi wurin aiki. A 1927 ya tattara ya bar kudu zuwa Chicago. A 1940 ya fitar da Native Son, a 1945 ya fitar da Black Boy, inda ya ba da wannan labari. Duk lokacin da na tuna shi abin da ke tsaya mini a rai shi ne ƙaryar da aka tilasta masa: mutumin da zai zama ɗaya daga manyan marubutan ƙasarsa sai da ya rantse shi jahili ne kafin a miƙa masa littafi. Ƙofar kuwa ba ta buɗu da lalama ba. A 1939 samari biyar sun shiga laburaren Alexandria ta jihar Virginia, kowa ya ɗauki littafi ya zauna shiru, 'yan sanda suka kama su. A 1961 ɗalibai tara na kwalejin Tougaloo suka yi haka a Jackson ta Mississippi, su ma aka kulle su.

Kada a ce wannan duk labarin ƙasar masu kuɗi ne da manyan gine-gine. A ƙauyen Masitala na gundumar Kasungu a Malawi, yunwar 2001 zuwa 2002 ta cinye duk abin da iyalin William Kamkwamba suka mallaka. Masara ta ƙi, gidan ya koma cin abinci sau ɗaya a rana. Kuɗin makarantar sakandare, kimanin dala 80 a shekara, ya gagara, aka koro shi yana da shekara 14. Don kada abokansa su yi masa nisa sai ya riƙa zuwa wani ɗan laburare a makarantar firamaren Wimbe. Kanta uku ce kacal, littattafan gudummawa ne daga Amurka, a cakuɗe. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, saboda haka zane-zane yake bi: ya ga kibiya ta nuna wani sashe na inji, ya nemo kalmar a cikin rubutu, in ta fi ƙarfinsa ya tambayi malamar da ke kula da wurin. A haka ya fahimci yadda maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya ke haifar da lantarki. Wata rana yana laluben ƙamus ya ci karo da wani littafi mai suna Using Energy, a bangonsa akwai hoton dogayen farfeloli da iska ke juyawa.

Ya shiga bola. Ya samo fankar tsohuwar tarakta, ya gasa bututun roba a wuta ya baje shi ya yi fukafukai, ya roƙi mahaifinsa gangar jikin tsohon kekensa, wani abokinsa ya saya masa dainamo irin na fitilar keke. Ya sari itatuwan turare ya kafa hasumiya mai tsawon kusan mita 5. Mutanen ƙauye suka ce yaron ya taɓu, wasu suka ce wiwi yake sha. Ranar da ya hau ya saki tayar, iska ta kaɗa, ƙwan fitilar da ke hannunsa ya kama. Daga baya injin ya riƙe ƙwai huɗu da rediyo biyu a gidansu, masu cewa ya haukace suka dawo suna layin cajin waya. Jarida ta ɗauki labarin a 2006, aka gayyace shi taron TED a Arusha ta Tanzaniya a 2007, ya koma makaranta, ya gama jami'ar Dartmouth a Amurka a 2014. Ƙauyen ya samu famfon ruwa mai aiki da hasken rana. Duk daga kanta uku da malama guda da ta yarda ya riƙa tafiya da littafi gida, yana dawowa yana sabunta aron.

Kuɗin Carnegie ya taɓo mu nan ma, ko da yake ba ta hanyar gini ba. A 1939 gidauniyarsa ta ɗauki nauyin binciken buƙatun karatu a Afirka ta Yamma, kuma ɗaya daga cikin mutum biyun da suka yi aikin shi ne Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa ƙarƙashin En'e, da farko don a riƙa sanar da jama'a labarin yaƙi. A nan mutane da yawa suka fara riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo, wanda ya iya ya karanta da ƙarfi, sauran su kewaye shi. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, yana aika akwatunan littattafai zuwa larduna. A 1953 hukumar UNESCO ta yi babban taro a Ibadan kan laburaren jama'a a Afirka, kuma da tallafin gidauniyar Carnegie aka kafa makarantar horar da ma'aikatan laburare a jami'ar Ibadan wajajen 1960. An yi yaƙi da jahilci, an buga ƙananan littattafai a Zariya masu arha. Harsashin dai an aza shi. Sharaɗin nan na kashi 10 cikin 100 ne bai taɓa zama mana doka ba.

A irin wancan ɗakin karatu na En'e, wanda ya koma hannun ƙaramar hukuma, na fara aro. Ina aji shida na firamare. Ɗaki ne guda mai rufin kwano, da benci huɗu da warin tsohuwar takarda. Na fi sati ina leƙe ta taga kafin in yi ƙarfin halin shiga. Mai kula da wurin dattijo ne mai farin gemu, kullum da 'yar butarsa a gefen kujera. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, nawa ake biya?"

Ya ce, "Ba a biya, ɗana. Ɗan gidan wa ne kai?"

Na faɗa masa. Bai san mahaifina ba. Ya ba ni wata 'yar takarda ya ce in kai wa hedimasta ya sa hannu. Washegari ya rubuta sunana a kati, ya buga hatimin kwanan wata a bangon ciki na Magana Jari Ce, ya miƙo mini da hannu biyu. "Sati biyu. In za ka buɗe ka wanke hannu. Kada ka bari ƙannenka su ci tuwo a kansa." Na sa shi cikin riga na ruga gida. Ban taɓa riƙe wani abu mai daraja haka da aka ba ni amana ba. A gidanmu ko fitilar ƙwai ba a bari in ɗauka. Na karanta wa mahaifiyata da kishiyarta da dare, suna tsinkar zogale suna gyara mini inda na yi tuntuɓe a karin magana, su da ba su san baƙi ko ɗaya na boko ba. Littafi guda, mutum bakwai muka ci moriyarsa a sati biyun nan. A benci na kusa da ƙofa kuwa kusan kullum akwai wani mai gyaran rediyo da bai wuce aji huɗu ba, yana kwafar zanen wayoyi daga wani littafin Turanci zuwa bayan kwalin sigari. Daga baya shi ya fara gyaran talabijin a garin, kuma yaran da suka koya a shagonsa sun fi goma.

Shekarun baya na shiga wani babban laburare a ɗaya daga biranenmu. Na yi murna da na ga zauren cike, ba kujerar zama. Da na duba sai na ga kowa da abin da ya zo da shi daga gida: takardun lacca, da tambayoyin jarrabawar shiga jami'a na shekarun baya. Inuwa da shiru suka zo nema, kuma haƙƙinsu ne, wanda ya taso a gidan haya mai ɗaki biyu ya san tsadar shiru. Amma kantocin ba mai zuwa wajensu. Na zaro littafin kimiyya, bugun shekarun 1970 ne. Na tambayi ma'aikacin yadda ake yin katin aro. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai an daɗe da daina fita da littafi. In an bayar ba a dawowa da su, kuma ba a ba mu kuɗin sayen wasu." Ban ga laifinsa ba. Mutumin da aka damƙa wa kaya aka ce in ya ɓata ba madadi, dole ya zama mai gadi. Amma na fito zuciyata a jagule, ina lissafin waɗanda wannan doka ta yanke: matar aure da ba za ta iya zaman zaure da maza ba, da makanike da ba ya tashi aiki sai magariba, lokacin an rufe, da yarinyar da aka cire daga makaranta. Ɗalibin jami'a yana da wata hanyar. Waɗannan su ne ba su da ita, kuma saboda irinsu aka ƙirƙiri laburaren jama'a tun farko. Ana cewa ai yanzu komai na cikin waya. Akwai abubuwa da yawa a ciki, haka ne, ga mai kuɗin data da caji, wanda kuma ya riga ya san sunan abin da yake nema.

Maganar cewa mutanenmu ba sa dawo da littafi kuwa, ban karɓe ta ba, don na ga akasinta da idona. Tun daga ƙarshen shekarun 1980, da littattafan hikaya na Hausa suka cika kasuwar Kano, aka samu masu ba da hayarsu a unguwanni, wasu a shago, wasu a kan tebur a bakin titi, wasu matan aure ne a cikin gidajensu. Ba gwamnati, ba gidauniya, ba hatimi. Dubban mata sun ƙware a karatun boko ta wannan hanya, bayan ajin yaƙi da jahilci ya koya musu haɗa baƙi. Wasunsu suka ɗauki biro su ma. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13 ko ƙasa da haka, ta dawo ta nemi ilimi a ajin manya, ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Babban laburaren jihar Kano sunan yayanta yake ɗauke da shi, Janar Murtala Muhammad. Littattafanta kuwa ta hannun masu haya suka fi shiga ɗakunan mata.

Na taɓa zama na kusan awa guda a shagon wani mai hayar, a wani lungu cikin birni. Littattafan sun sha hannu har sun yi laushi kamar tsumma, ya ɗinke bayansu da zare, ya manna musu bangon kwalin madara. Rajistarsa littafin rubutu ne na 'yan makaranta mai shafi 80. Wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba ta zo, ta zaro littafi daga cikin hijabinta, ta ajiye da 'yan canji a kai.

"Kawu, in ji Anti wai a ba ta na biyun. Kuma wai na ukun kada a ba kowa, jibi za ta aiko."

Ya duba rajista, ya soke layi guda, ya rubuta wani. Na tambaye shi ko ya san Antin. Ya ce bai taɓa ganinta ba, shekara huɗu ke nan tana karɓa, sunan gidan kawai ya sani. Na ce to in littafi ya ɓata fa? Ya ce yakan faru, sau biyu ko uku a shekara, yawanci yaro ne ya yaga ko ruwa ya zuba, kuma su suke aiko da kuɗinsa tun bai tambaya ba. Ya miƙa wa yarinyar na biyun, ya ɗauko na ukun ya tura ƙarƙashin tebur. Ta cusa littafin cikin hijabi, ta tsallake kwata, ta shige lungu da gudu.